Ina rabin makamashin ke tafiya idan aka haɗa kafasita biyu?

A samo kafasita biyu masu girma ɗaya, wato 'yan na'urorin da ke ajiye cajin lantarki, a cika ɗaya da caji, a bar ɗayar wayam. A haɗa su da waya, a danna makunni. Kafin ƙiftawar ido cajin ya rabu biyu daidai, kuma idan aka auna za a tarar babu abin da ya ragu daga cikinsa. Amma da an lissafa makamashin da ke cikin su biyun, sai a ga rabin abin da aka fara da shi ya yi ɓatan dabo. Ga shi kuma dokar da kowane ɗalibin kimiyya ya haddace ta ce makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi, sai dai ya sauya kama. To ina rabin nan ya shiga?

Tambayar ta daɗe tana rikita ɗaliban injiniyan lantarki, amma yanzu ta fito daga aji ta shigo gidaje. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, a Afrilun 2024, masu sa sola suka yawaita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai haɗa inbata ya san ƙarar nan, tas, da tartsatsin da ke tashi lokacin da kan kebul ya taɓa batir. Wani ya ce inbatar ce ta zo da matsala, wani ya ce batirin jabu ne, wani ya ɗora laifin a kan siririyar waya. Galibi babu ko ɗaya daga ciki. Rabin nan da ya ɓace a lissafi ne ya bayyana a zahiri.

Abin da kafasita ke ajiyewa

Kafasita faranti biyu ne na ƙarfe da ke fuskantar juna, a tsakaninsu akwai wani siririn abu da ba ya barin wuta ta ratsa. Idan aka jona ta da batir, caji ya taru a faranti ɗaya, kishiyarsa ya taru a ɗayan, su yi ta jan juna ba su haɗu ba. Girmanta da farad ake auna shi, sunan da aka samo daga Michael Faraday na Ingila, sai dai farad guda babban ma'auni ne ƙwarai, shi ya sa abin da ake gani rubuce a jikin kafasitoci yawanci maikrofarad ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan na farad.

Abubuwa biyu ake yawan cakuɗawa a nan: caji da makamashi. Caji shi ne yawan abin da aka tara, kuma ana samunsa ta ninka girman kafasita da bolt ɗinta, wato ƙarfin turin wutar da ke tsakanin farantanta. Makamashi kuwa shi ne aikin da aka yi kafin a tara shi, kuma lissafinsa daban ne: rabin girman kafasitar, a ninka da bolt, a sake ninkawa da bolt. Dalilin shigowar bolt sau biyu ba boyayye ba ne. Cajin farko yana shiga cikin sauƙi domin babu mai tare shi. Wanda ya biyo baya sai an tura shi da ƙarfi, saboda wanda ya riga shi shiga yana ture shi. Na ƙarshe shi ya fi kowanne shan wahala. Don haka idan aka ninka bolt sau biyu, caji ya ninku sau biyu, makamashi kuwa sau huɗu.

Lissafin da ke ta da ƙura

A ɗauki kafasita mai maikrofarad 10,000 da aka caja zuwa bolt 48, irin ƙarfin batiran manyan inbatocin gida. Makamashin da ke cikinta, a ma'aunin makamashi da ake kira jul, jul 11.52 ne. A haɗa ta da 'yar uwarta da babu komai cikinta. Caji ya rabu biyu, kowacce ta tsaya a bolt 24. Da yake bolt ya koma rabi, makamashin kowacce ya koma kashi ɗaya cikin huɗu na na farko, wato jul 2.88. Su biyun a haɗe jul 5.76. Saura jul 5.76 babu su.

Abin yana kama da tankunan ruwa biyu a kan daɓe ɗaya, na farko cike har tsawon mita biyu, na biyu babu komai, ga bututu a ƙasa ya haɗa su. Da an buɗe bututun, ruwan zai tsaya a mita ɗaya a kowanne. Ko cokali bai zube ba, amma ruwan da ke can sama ya sauko, kuma ruwan da ya sauko ba shi da ƙarfin da yake da shi a da. Ƙarfin ya zama gudu, gudun ya ƙare a gogayya da jikin bututu da tumbatsa a cikin tanki na biyu.

Abin lura shi ne, wajen gano adadin da ya ɓace ba a ambaci waya ba sam. Sharuɗɗa biyu kaɗai aka yi amfani da su: caji ba ya ɓacewa, kuma a ƙarshe bolt ɗin ɓangarorin biyu sai ya zo ɗaya. Waɗannan biyun su suka yanke yawan asarar tun kafin a danna makunni. Aikin waya kawai ta faɗi inda za a biya da kuma tsawon lokacin da biyan zai ɗauka.

Kaurin waya ba ya rage ko jul ɗaya

Amsar farko, wadda ita ce gaskiya a kusan duk abin da za a haɗa a kan teburin mai gyara, ita ce zafi. Kowace waya tana da turjiya, wato yadda take tauye wutar da ke bi ta cikinta, wadda ake aunawa da om. Bakin makunni yana da tasa, ita kanta kafasitar tana da 'yar turjiya a cikinta. James Joule ya nuna tun a farkon shekarun 1840 cewa zafin da waya ke fitarwa ya dogara ne da turjiyarta da kuma yawan wutar da ke bi ta cikinta, ita ma a ninka ta da kanta.

Nan ne mutane ke cewa, to a sa waya mai kauri mana, turjiya ta ragu, asara ta ragu. Lissafi bai yarda ba. Idan turjiyar hanyar om 100 ce, wutar da za ta fara gudana ba ta kai rabin amfiya ba (amfiya shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana), kuma sai an yi daƙiƙa biyu zuwa uku kafin komai ya lafa. Zafin da ya fita jul 5.76. A rage turjiyar zuwa om ɗaya: wutar farko amfiya 48, komai ya ƙare cikin ɗan kason daƙiƙa da ido ba zai kama ba. Zafin da ya fita jul 5.76. Duk lokacin da aka raba turjiya biyu, wutar farko ta ninku biyu, zafin da ke fita a kowane lokaci ya ninku biyu, tsawon lokacin kuma ya ragu da rabi. Ɗaya ya cinye ɗaya, jimilla tana nan inda take.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuyar haɗiya, domin ya saɓa wa abin da aka saba. A wayarin gida, kebul mai kauri yana rage asara da gaske, saboda kayan da aka jona su ke yanke yawan wutar da za a ja. A tsakanin kafasita biyu babu wani kaya da ke iyakance wutar sai ita wayar kanta. Ƙara mata kauri buɗe wa wutar ƙofa ne kawai.

To idan wayar ba ta da turjiya ko kaɗan fa?

Masu son gardama a nan suke kafa tuta. Suna cewa a zanen da ake yi a takarda an ɗauka wayar cikakkiya ce, turjiyarta sifili, saboda haka babu zafi, saboda haka doka ta karye. Amma zanen da kansa yake cin karo. Cikakkiyar waya tana nufin bolt ɗin bakinta biyu ɗaya ne a kowane lokaci, alhali a daidai lokacin da makunni ya rufe, baki ɗaya yana kan 48, ɗayan yana kan sifili. Wutar da za ta gudana ita ce 48 a raba da sifili, kuma wannan ba lamba ba ce. Tambayar da aka gina a kan haka ba ta da amsa, ba don kimiyya ta gaza ba, sai don an cire wani abu daga zanen da ba ya ciruwa a duniya.

Abin da aka cire shi ne maganaɗisu. Duk wayar da wuta ke bi tana kewaye kanta da filin maganaɗisu, filin nan kuma yana ajiye makamashi, yana kuma ƙin canjin gaggawa: ba ya barin wuta ta tashi farat ɗaya, ba ya barin ta tsaya farat ɗaya. Wannan hali yana nan ko da turjiya ta zama sifili. Da henri ake auna wannan halin, kuma mita guda na waya yana da kusan maikrohenri ɗaya.

Da an mayar da shi cikin lissafi, labarin ya canza. Makunni ya rufe, wuta ta fara hawa, ta kai ƙololuwa a daidai lokacin da kafasitocin biyu suka zo bolt 24. A wannan lokacin jul 5.76 da ake cigiya suna zaune a filin maganaɗisun da ke kewaye da wayar, babu abin da ya taɓa su. A misalinmu, da waya mai tsawon mita guda, wutar za ta haura amfiya 3,000. Sai dai ba za ta tsaya a nan ba. Filin yana ci gaba da tura caji har sai kafasitar farko ta koma sifili, ta biyu ta kai 48. Daga nan abin ya juyo baya. Haka za su yi ta miƙa wa juna, sama da sau 2,000 a daƙiƙa. Wato idan babu turjiya da gaske, ba a taɓa zuwa matsayin nan na 24 da 24 a zauna ba, balle a ce rabi ya ɓace. Zaman da aka yi a 24 shi kansa shaida ne cewa wani abu ya shanye kai-komon.

Wannan kai-komo ba sabon ganowa ba ne. Kafasitar farko da aka taɓa yi a duniya kwalba ce, wadda Ewald von Kleist ya yi karo da ita a 1745, Pieter van Musschenbroek kuma ya sake gano ta a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1746, shi ya sa ake kiranta da sunan birnin. A 1842 Joseph Henry a Amurka ya lura cewa alluran ƙarfe da ya ajiye cikin naɗin wayar da ake sauke cajin kwalbar ta cikinsa ba kullum suke ɗaukar maganaɗisu ta fuska ɗaya ba, ya ce lalle wutar gaba da baya take yi. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya fitar da lissafin abin a 1853. Bayan 'yan shekaru Berend Feddersen a Jamus ya yi amfani da madubi mai juyawa ya nuna cewa tartsatsin da ido ke gani guda ɗaya jerin tartsatsi ne masu bin juna suna raguwa. Ita ma wayar da ba ta da turjiya a Leiden aka fara ganinta, a 1911, lokacin da Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba zuwa wajen digiri 269 ƙasa da sifili.

Kason da ke tashi sama

Ko da irin wannan waya marar turjiya aka yi amfani, kai-komon ba zai dawwama ba. Cajin da ke gaba da baya yana watsa igiyoyin rediyo, su kuma suna tafiya da makamashi ba su dawo ba. Da tartsatsi Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar waɗannan igiyoyi a Karlsruhe a 1887 da 1888, kuma da na'urar tartsatsi mai sauke cajin kafasitoci Guglielmo Marconi ya aika sigina daga Cornwall a Ingila zuwa Newfoundland a 1901. Mai sauraren gajeren zango da ya ji ƙaras a rediyonsa lokacin da aka kunna wani abu a ɗakin, wannan kason ne ya shiga kunnensa.

Sai dai ana zuzuta wannan amsa fiye da kima, wataƙila don ta fi daɗin faɗa. A misalin da muke bi, igiyar da ke kaɗawa sau 2,000 a daƙiƙa tsawonta ya haura kilomita 100, kuma waya mai mita guda ba eriyar kirki ba ce ga irinta. Abin da ke fita ta wannan hanya bai taka kara ya karya ba. Sai a ƙananan kafasitoci masu kaɗawa miliyoyin sau a daƙiƙa ne yake zama abin lissafi. A manyan kafasitocin inbata, kusan duka asarar zafi ce: a waya, a cikin kafasitar, da a bakin da aka haɗa, inda iska ke ƙonewa ta ba da haske da ƙara, ƙarfe kuma ya narke kaɗan.

Tartsatsin inbata

A ƙofar shigar wuta ta kowace inbata akwai manyan kafasitoci. Idan ta daɗe a kashe, wayam suke. Batir kuwa a wannan lissafi tamkar wata ƙatuwar kafasita ce da bolt ɗinta ba ya sauka. Don cika maikrofarad 10,000 zuwa bolt 48, batir zai fitar da jul 23.04, kafasita ta riƙe 11.52, sauran 11.52 su zama zafi. Rabi ne a nan ma, kuma a nan ma kaurin kebul bai shigo ciki ba.

Ta fuskar kuɗi wannan ba komai ba ne. Yunit ɗaya na wuta jul miliyan 3.6 ne, batir mai bolt 48 da amfiya-awa 100 kuwa yana ɗauke da sama da jul miliyan 17. Tartsatsin ba ya shanye batir, kuma ba alamar lalacewa ba ne. Illarsa tana cikin cunkoso: 'yan jul kaɗan ne, amma sun fita cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, a wurin da bai fi kan allura ba. Shi ke cin kan batir ya bar shi da tabo, shi ke manne bakin makunni ko rile, wato makunni mai aiki da lantarki, ya ƙi buɗewa, shi ke sa na'urar tsaron batirin litiyam ta ɗauka wayoyi ne suka haɗe ta yanke wuta. Mafi haɗari shi ne kusa da batiran ruwa, waɗanda ke fitar da iskar haidurojin idan suna caji. Iskar nan tana kamawa da ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, kuma abin da take buƙata don ta tashi bai kai kashi ɗaya cikin dubu na jul ba. Shi ya sa haɗin ƙarshe bai kamata a yi shi a kan batirin ba, kuma ɗakin batir yana son iska.

Maganin da ƙwararru ke yi shi ne su fara haɗawa ta cikin rizista, wato 'yar na'urar da aka ƙera don turjiya, na 'yan daƙiƙu kafin su ɗaura kebul. Da rizista mai om 50, wutar farko ba ta kai amfiya ɗaya ba, kuma cikin daƙiƙa uku kafasitocin sun kusa cika. Wasu da ƙwan fitila mai zare suke yi, kuma yana aiki. Motocin lantarki ma haka suke yi da kansu duk lokacin da aka tayar da su, kafin babban makunnin batir ya rufe. Amma kada a ce rizistar ta hana asara. Jul 11.52 ɗin nan sun fita cif, sai dai sun fita a hankali, a jikin abin da aka ƙera don ya ɗauki zafi.

Yadda ake rage asarar da gaske

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce rage tazarar bolt kafin a haɗa, domin asarar tana bin tazarar ne a ninka ta da kanta. Kafasitocin nan biyu, idan ɗaya tana 48 ɗaya tana 47, abin da zai ɓace ya gaza na farko sau 2,304. Idan kuma aka caja kafasita a mataki biyu, a kai ta 24 tukuna sannan 48, asarar ta koma rabi. A mataki goma ta koma kashi ɗaya cikin goma. Wannan dalilin ne ya sa ake daidaita cajin batira kafin a jera su gefe da gefe, duk da cewa batir ba kafasita ba ne.

Ta biyu ita ce a mayar da maganaɗisun nan abokin aiki. A sa naɗin waya a tsakani da gangan, a bar makamashin ya shiga filinsa, a sa dayod da zai hana wutar juyowa. Sai kusan duk cajin ya ƙaura daga kafasitar farko zuwa ta biyu da 'yar asara kaɗan. A kan wannan dabara aka gina cajar waya, da na'urar da ke daidaita wutar sola kafin ta shiga batir, da ita kanta inbatar. Da babu ita, da cajar kwamfuta ta fi haka girma da zafi nesa ba kusa ba.

A manyan tashoshin rarraba wuta, inda ake ajiye tarin kafasitoci don gyara ingancin wutar layi, matsalar tana zuwa da girmanta. Idan aka kunna rukuni ɗaya alhali na kusa da shi yana kan layi, na cike yana juye wa na wayam dubban amfiya cikin kai-komo mai saurin gaske. Injiniyoyi suna sa naɗin waya a gaban kowane rukuni, ko rizistar da ke shiga na ɗan lokaci, ko makunnin da ke jiran daidai lokacin da tazarar bolt ta zo kusa da sifili kafin ya rufe.

Zafin da ke cikin aljihu

Inda wannan lissafi ya fi cin makamashi a duniya ba a tashar wuta ba ne, a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar salula ne. Kowace 'yar ƙofa a cikin guntun silikon tana da 'yar mitsitsiyar kafasita. Duk lokacin da sifili ya koma ɗaya, ana caja ta, rabin abin da batir ya bayar ya zama zafi. Da ɗaya ya koma sifili, rabin da ta riƙe shi ma ya bi sahu. Abin da ke ɓacewa a juyi guda bai isa a ambata ba, amma ƙofofin biliyoyi ne, agogon da ke kaɗa su kuma yana bugawa biliyoyin sau a daƙiƙa. Babban kaso na ɗumin da ake ji a bayan waya lokacin kallon bidiyo daga nan yake.

Masu ƙera guntayen sun san rage turjiya ba zai cece su ba, don haka suka bi ta kan bolt. Tsofaffin kwamfutoci da bolt 5 ƙwaƙwalwarsu ke aiki, na yanzu kuwa wajen bolt ɗaya ne ko ƙasa da haka, kuma wannan saukowar kaɗai ta rage asarar kowane juyi sau 25. Wayar da ke rage gudun ƙwaƙwalwarta idan an sa ta a tsarin tattalin batir tana sauke bolt ɗin ne tare da gudun, domin a nan ne ragin ya fi tsoka.